Hamza Mai Fenti da Littafin Malama Lusiya

Duk direban da ya yi lodi a tashar Sabon Gari a shekarun nan na bayan yaƙin basasa ya san Hamza Mai Fenti. Wanda bai san fuskarsa ba ya san hannunsa, don shi ne mai zana zaki da ɗawisu a bayan manyan motoci, shi ne kuma mai rubuta allunan teloli da masu aski da masu gyaran rediyo, tun daga bakin kasuwa har layin dogo. Mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana, kullum da shuɗin fenti a gindin farcensa wanda ko kananzir ya gaji da shi.

Asalinsa ɗan cikin birnin Zariya ne. Mahaifinsa, Malam Shehu, mai zanen riga ne: shi ake kawo wa yadi ya fitar da zanen aska da na tambari da alƙalamin kara kafin masu ɗinki su bi da allura. A gabansa Hamza ya koyi yadda ake jan layi hannu bai yi rawa ba. Sai dai ya cika zana abin da ba a sa shi ba. A bayan allonsa na karatu sai a ga jaki, a bangon zaure sai a ga shirwa. Malam Shehu bai taɓa dukansa a kan haka ba. Yakan goge da tafin hannu, ya ce, "Abu mai rai ba namu ba ne, Hamza. Ranar gobe cewa za a yi ka busa masa numfashi." Hamza ya ce to, ya kwana biyu ya koma.

Da ya tasa sai ya ƙetare gadar Kubanni ya kama aiki wurin wani Bayarabe mai rubuta alluna, Oladipo. A wurinsa ya koyi baƙaƙen boko da haɗa launi. Da tsufa ya kama Oladipo ya koma garinsu, sai ya bar masa rumfar da burusan da ke cikinta. Malam Shehu ya rasu ba tare da ya taɓa tambayar ɗansa yaya aiki ba. Gaisuwa dai ba ta yanke ba a tsakaninsu, amma a nan take tsayawa.

Matarsa Kaltume 'yar Palladan ce, a can kuma suka zauna, tsakanin Sabon Gari da Samaru. Tana soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa daga cikin gida. Sau huɗu tana haihuwa, ba wanda ya tsaya. Wadda ta fi daɗewa ita ce Hafsatu, ta kai yaye har ta fara bin ubanta zuwa bakin ƙofa, ƙyanda ta ɗauke ta. Matan unguwa suna cewa wabi take yi, amma ba a gabanta ba. Daga rasuwar Hafsatu gidan ya zama irin gidan da ake jin ƙarar cokali a kwano. Ba faɗa suke yi ba. Maganar ce ta ƙare musu.

A shekarar saba'in da biyar, lokacin da gwamnati ta cika makarantu da malamai daga Indiya da Pakistan da ƙasar Filifin, wata mata gajera mai baƙin gashi har gadon baya ta tsaya da ƙaramin babur a gaban rumfarsa. Sunanta Lucia, amma ɗalibanta sun mai da shi Malama Lusiya, haka kuma ya bi ta. 'Yar Filifin ce, tana koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata kusa da Samaru. Allo ta zo a rubuta mata na ɗakin karatu. Tana jira sai idonta ya faɗa kan bayan wata mota da ke shan iska, fentin bai bushe ba. Ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce da Hausarta ta koyo, "zaki wannan yana baƙin ciki."

Hamza ya ji kunya, don direbobi zaki mai fushi suke so. Ya ce zai gyara bakin.

"A'a, kar gyara. Kana zana a takarda?"

Ya ce bai taɓa ba, in ban da ta siminti da yake gwada launi a kai.

Da ta dawo karɓar allonta sai ta zo da farar takarda mai kauri da kwalbar baƙar tawada da alƙaluman ƙarfe da ta saya a kantin littattafai na Samaru. Ta zauna a kan garwar fenti ta gaya masa abin da take so, rabi da Hausa, rabi da Turancin kasuwa da yake ɗan ji. A ƙasarsu, in ji ta, ita mai rubuta labaran yara ce da harshensu na Tagalog. Ba wata babbar marubuciya ba ce. Shafin baya na wata mujallar mako-mako ake ba ta. Littattafan da yaransu ke samu kusan duk daga Amurka ake kawo su, da yara masu jan gashi suna wasa da ƙanƙara suna cin tuffa, abin da ɗan manomin shinkafa bai taɓa gani ba. Labaran gida kuwa suna bakin kakanni. Su 'yan kaɗan ne masu ƙoƙarin sa su a takarda, su da masu zanen da ke yi musu hoto, waɗanda sau da yawa ko sunansu ba a sawa. Mijinta yana cikin masu zanen nan. Da al'amura suka rikice a ƙasar aka rufe mujallu, aikin ya tsaya, tarin fuka ya kama shi ya rasu. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Janet. Ta bar ta wurin kakarta a ƙauye ta taho neman abin da za ta riƙe su da shi.

Tun zuwanta take rubuta wa Janet wani labari kaɗan-kaɗan tana aika mata ta gidan waya. Yanzu so take ta mai da shi littafi mai hoto, da Hausa, don yaran nan ma su samu, sannan in ta tafi hutu ta kai wa 'yarta ta ga abin da uwarta ke yi a ƙasar mutane.

"Labarin mene ne?" in ji Hamza.

"Yarinya da bauna nata. Ruwa ya zo da yawa, bauna ya ɓata. Yarinya tana nema."

Hamza ya ajiye burushi. "Malama, bauna ba ta kowa ba ce. A daji take. Maharba ma tsoronta suke yi."

Ta ce a ƙasarsu bauna ce ke jan garma, yara na hawa bayanta suna barci. Bai musa mata ba, don baƙuwa ce kuma mace, amma a ransa ya ce wataƙila kalmar ce ta ɓace mata.

Rumfar ba wurin aikin takarda ba ce, ga hayaƙin mota ga 'yan kallo. Sai ya nemi iznin Kaltume, suka shirya Malama ta riƙa biyowa ta Palladan ran Asabar da hantsi. Kaltume ta ce ita ba ruwanta, ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar rumfar tsakar gida ta koma kan tunkuzarta.

Baunar farko da Hamza ya zana bajimin Fulani ne sak, har da tozo. Malama Lusiya ta yi dariya har ta share ido. Ta biyu ya bi kwatancen maharba, ta fito da jajayen idanu a cikin baƙar tawada, abin da zai hana yaro barci. Ta yi bayani da baki, ta yi da hannu, abin ya ƙi. Can sai ta tashi ta je wurin Kaltume ta roƙi curin tunkuza. Ta durƙusa ta mulmula shi, ta fitar da faffaɗan baya, gajerun ƙafafu, kai a sunkuye, ƙahoni sun kwanta baya kamar lauje biyu. Kaltume ta karɓa ta juya shi a tafin hannu, ta jefa shi cikin mai. Ya fito ja, ƙaho ɗaya ya ɗan karkace. A kan wannan baunar ta ƙuli-ƙuli Hamza ya koyi zanen, kuma saboda haka ne baunar littafin take da ƙaho ɗaya a karkace daga shafin farko har inda ta ɓace.

Sauran abubuwan ma haka aka yi ta lalubensu. Gonar shinkafa ya sani, akwai fadama. Gidan da ke tsaye kan sanduna ta ce ya tuna rumbu a kan duwatsu, ya ƙara masa tsawo da tsani. Teku ce ta ba su wahala. Wata Asabar ta sa shi ya bi ta da kekensa har madatsar ruwa ta wajen Shika, ta nuna masa ta ce ya ɗauke gaɓar can ta tsallake a zuciyarsa, ya bar ruwa ya haɗu da sama. Ya tsaya ya yi ta ƙoƙari, gaɓar ta ƙi ɗaukuwa. Ya dawo ya zana abin da ya iya. Ta duba ta ce ta ga tekun da ta fi wannan rashin kama da teku a littattafan Amurka.

Hausar labarin kuwa da ƙamus ta haɗa ta. Ranar da ta fara karanta musu da ƙarfi, ta zo inda ta rubuta cewa yarinya ta kasance a cikin hali na rashin farin ciki a kusa da kogi, sai aka ji dariya daga bakin murhu. Hamza ya waiwaya. Ya manta rabon da ya ji wannan dariyar.

"Yi haƙuri, Malama," in ji Kaltume, tana rufe baki da gefen zane. "Wannan ai sanarwar rediyo ce. Yaro zai tashi ya bar ki."

"To yaya zan ce, Yaya?"

"Ki ce, sai ta zauna a bakin ruwa ta yi tagumi."

Malama Lusiya ta sa Hamza ya nuna mata tagumi, ta rubuta. Daga ranar tabarmar ta zama ta mutum uku. Ita ta faɗi abin da ya faru, Kaltume ta juya shi a baki har ya zauna, ita kuma ta rubuta. Kaltume ce ta ce ba a neman abu a tatsuniya ba waƙa, ta yi wa yarinyar 'yar waƙar kira da take rerawa a duk inda ta isa, wurin masunta, wurin masu sassaƙa jirgi, wurin tsohuwa mai gishiri. Malama ta koyi waƙar tana yi da muryarta siririya, tana karya kalmomin, Kaltume na gyara mata.

Wata rana ta kawo hoton Janet don Hamza ya ɗauki fuskar yarinyar labarin daga gare ta. 'Yar shekara bakwai ce, da gajeren gashi da giɓin haƙori, tana tsaye kusa da wata tsohuwa. Kaltume ta goge hannu ta karɓi hoton, ta daɗe da shi.

"Kika iya barinta kika taho?"

Malama Lusiya ta sunkuyar da kai ta ce in ta zauna suna tare da yunwa, in ta taho suna da abinci ba su tare. Ta zaɓi ɗaya, kuma ba ranar da ba ta sake zaɓen a zuciyarta.

Kaltume ta miƙa mata hoton. "Ni nawa suna nan kusa, bayan gonar dawar can. Su ma ba na ganinsu." Ta tashi ta zuba mata kunun gyaɗa a kwanon da ba ta ba baƙi. Tun daga nan in Malama za ta tafi sai ta ƙulla mata ƙuli-ƙuli, in ta makara zuwa Kaltume ta leƙa ƙofa.

Aikin ya ci fiye da shekara, don Hamza sai ya sallami motoci yake samun zama, kuma shafi ɗaya yakan sake shi sau da yawa. Alƙalamin ƙarfe ba burushi ba ne, ba ya yafe kuskure. Amma hannun da ya koya a zauren mahaifinsa ya dawo masa, har yakan cika rigar kakar yarinyar da ƙananan zane irin na wuyan riga. A wani shafi ya zana yarinyar tana barci jikin baunar tun kafin ruwa ya zo, ta kama kunnenta da yatsu biyu. Kaltume ta zo wucewa da tsintsiya ta tsaya a kansa.

"Malam, wannan kwanciyar ba ta Janet ba ce."

Ya duba, sai a lokacin ya ga abin da hannunsa ya yi. Haka Hafsatu take barci.

"In sake?"

"Bar shi," ta ce, ta ci gaba da shara.

Zuwa bazarar saba'in da bakwai saura shafin ƙarshe kawai. Yarinyar ta bi kogi har ta isa bakin teku, ba bauna. Malama Lusiya ta ce ita kanta ba ta san ƙarshen ba tukuna. Janet ma a nan labarinta ya tsaya, kullum tana aiko da tambaya. Niyyarta ta gama kafin dogon hutu, ta kai wa babbar maɗaba'a su duba, sannan ta tafi gida da hotunan. Har ta fara cewa wataƙila ta dawo da Janet ta sa ta makaranta a Samaru. Kaltume ta ce in ta zo ita za ta riƙa yi mata kitso, ko da gashin nan mai santsi ba ya kamuwa.

Zafin shekarar ya yi tsanani. Wata Asabar ba ta zo ba, suka ce ko jarrabawa ce. Da ta biyu ta wuce, Kaltume ta ce, "Malam, ka je ka dubo." Ya hau keke zuwa makarantar. Maigadi ya ce an kai ta asibiti, wuyanta ya sanƙare. A asibitin ba a bar shi ya shiga ba, don ɗakin masu sanƙarau ne. Wata nas 'yar ƙasarsu, Sista Clementina, ta fito ta tambaye shi ko shi wane ne nata. Ya ce shi mai yi mata zane ne. Ta kai shi bakin taga. Ya hango ta kwance, an aske mata gefen gashi, fuskarta ta juya bango, ta zama 'yar ƙarama a kan gadon kamar ɗaya daga cikin ɗalibanta. Ya yi mata addu'ar da ya iya ya tafi.

Washegari Kaltume ta dama kunu ta zuba a kwano ta ɗaure da ƙyalle. Hamza ya isa asibitin bayan azahar, ya tarar gadon an naɗe katifarsa. Ya dawo da kunun yadda ya tafi da shi. Kaltume ta ga kwanon a ɗaure. Ta shiga ɗaki, ya ji tana salati a hankali, daga baya salatin ya koma kuka.

Ba halin kai gawa ƙasarsu, sai aka yi mata sutura a cocin Katolika na Sabon Gari. Hamza ya tsaya a waje ƙarƙashin mangwaro tare da Nwankwo, maƙwabcin rumfarsa mai ƙaramar maɗaba'a, wanda ɗan cocin ne amma ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba. Ɗalibanta sun zo cikin fararen kaya. 'Yan Filifin da ke Zariya, malamai da likitoci, suka yi waƙa da harshensu, mai taushi, wadda bai ji ko kalma ɗaya a cikinta ba. Bayan an dawo daga maƙabarta Sista Clementina ta ce suna neman mai rubuta allon kabari. Nwankwo ya nuna shi.

Ta rubuta masa cikakken sunan da shekarar haihuwa da ta rasuwa, a ƙasa ta sa malamar makaranta. Hamza ya ce ko za a ƙara cewa mai rubuta labaran yara ce. Sista ta dube shi da mamaki. Ta ce sun yi shekara biyu suna cin abinci tare duk Lahadi, ba ta taɓa gaya musu tana rubutu ba. Ta yarda a ƙara. Ya yi allon da katako mai kyau, ya shafa masa fari sau uku, ya yi baƙaƙen a tsanake, ya ƙi karɓar komai.

Kayanta an tattara an aika gida, har da takardun da ta rubuta Hausar labarin. Hotunan ne kawai suka rage a Palladan, cikin kwali a ƙarƙashin gado. Damina ta faɗi ta yi nisa ba wanda ya taɓa kwalin. Wata safiya ana yayyafi, ba fita, Kaltume ta jawo shi ta buɗe. Ta ɗauki shafin farko ta faɗi maganar da ke tafiya da shi, ta ɗauki na biyu ta faɗi tasa. Ba ta karatun boko, amma a bakinta aka ƙera kalmomin, ba wadda ta ɓace.

"Ɗauko alƙalami ka rubuta," ta ce. "Yarinyar nan tana can tana jiran ƙarshen labari."

Suka yi ta yi har suka iso bakin teku. Hamza ya ce shi a ganinsa yarinyar labarin ta sami baunarta a kan wani tsibiri, su koma gida tare. Janet yarinya ce, an yi mata mutuwa, a bar ta ta yi murna ko a takarda.

Kaltume ta girgiza kai. "An riga an gaya mata uwarta ba za ta dawo ba. In muka nuna mata duk abin da ruwa ya ɗauka yana dawowa, za ta san ƙarya muke yi."

"Tatsuniya ce, Kaltume. Dama ai ba gaskiya ba ce."

"Ni dai ba zan faɗe shi haka ba."

Suka bar maganar ranar, kowa da ɓacin ransa. Kwana biyu bayan haka tana tankaɗe ta ce masa, ba tare da ta ɗago ba, baunar dai ruwa ya tafi da ita, wannan ba makawa. Amma kafin ta tafi ta haihu a kan wani tudu. Yarinyar za ta ji kuka, ta hau ta sami ɗan maraƙin yana rawar sanyi, ta tuɓe mayafinta ta rufa masa, ta ja shi har gida, kakarta ta hura musu wuta. A nan za a tsaya. Hamza ya ɗauko takarda. Wannan shafin bai sake shi ko sau ɗaya ba.

Babbar maɗaba'a bai san ta wace ƙofa ake shigarta ba, kuma mai yi masa magana ta tafi. Sai ya kai wa Nwankwo, wanda aikinsa katin biki ne da kalandar coci. Nwankwo ya sa tabarau ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na ƙarshe ya fyace hanci. Ya ce yana da ragowar takarda daga wani aiki, za ta isa 'yan kwafi kaɗan, baƙi da fari, in Hamza zai yi haƙuri ya riƙa sa shi tsakanin ayyuka. Da aka zo bango ya ce dole a sa sunan mai zane kusa da na marubuciya, haka Malama Lusiya ma ta taɓa gaya masa ranar da ta zo tambayar yadda ake buga hoto. Hamza ya ce to a sa na Kaltume. Kaltume ta ce sunan matar aure ba ya yawo a kasuwa, ba kuma yadda bai yi da ita ba ta ƙi.

Littafin ya fito ɗan siriri, an ɗinke shi da waya, tawadar ta yi yawa a wasu shafuka har teku ta zama baƙa. Ya kai wa makarantarta wasu, ya kai wa wani hedimasta na firamare a Samaru wasu, ya rage kaɗan a gida. Mafi kyawun kwafin ya naɗe a leda, Kaltume ta ƙara da ɗan zoben azurfa da aka saya wa Hafsatu ba ta kai ga sawa ba, ya kai wa Sista Clementina da za ta tafi hutun ƙarshen shekara. Ya ce ta gaya wa yarinyar ba za ta iya karanta rubutun ba, amma ta bi hotunan, za su kai ta har ƙarshe.

Sai da aka kusa shiga wata bazarar Sista ta dawo. Ta zo rumfar da kanta, ta ƙi zama. Ta ce ta je, ta shiga mota ta shiga jirgin ruwa har ƙauyen. Ta tarar gidan a rufe. Tsohuwar ba ta daɗe ba ta rasu bayan labarin mutuwar 'yarta ya iso. Janet kuma dangin ubanta sun zo sun tafi da ita Manila, babban birnin ƙasar, ba wanda ya san unguwar. Ta bar ƙullin wurin limamin cocin ƙauyen, ya yi alkawarin in wani ya zo daga wajensu zai bayar.

Hamza ya yi mata godiya, ya raka ta har bakin titi. Ya rufe rumfa tun la'asar ba ta yi ba. A hanya ya yi ta shawarar ko ya ce wa Kaltume saƙo ya isa, a wuce wurin. Da ya jingine keke ya ga yadda ta miƙe daga bakin murhu tana dubansa, sai ya faɗa mata yadda aka faɗa masa, bai rage komai ba.

Ta koma ta zauna. Can ta ce, "Birnin babba ne?"

"An ce ya fi Ikko."

"Allah ya sa masu riƙonta masu tausayi ne."

"Amin," in ji shi.

Suka ci gaba da zamansu a Palladan, shi da motocinsa, ita da man gyaɗarta. In ya haɗu da Sista Clementina a kasuwa, tun kafin ya gama gaisuwa take girgiza masa kai, shi kuma ya ce ba komai, wataƙila wani watan. A shekarar saba'in da tara wa'adin aikinta ya cika, ta sami wani a wata ƙasar Larabawa. Ta biyo ta rumfar ta yi masa sallama, ta ce ya gai da mai ɗakinsa. Daga ita ba su da wani wanda za su tambaya.